Wa Kika Ba Tukunya, Auta?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Auta, ina gaishe ki gaisuwar uwa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya. Ya aiki, ya baƙunta, ya sanyin Doguwa? Allah Ya tsare min ke a ɗakinki da wajen aikinki, Ya tsare ki a hanyar dajin nan duk sanda kika bi ta, Ya haɗa ki da mutanen kirki. Babanku na gaishe ki.

Tun ran da kika kira ni kina magana kina jan hanci ban sake samun sukuni ba. Kin ce ko zama ba ki gama yi ba a asibitin, shugabanku ya ɗora miki shirya taron buɗe sabon ɗakin haihuwa, wanda za a gayyato matan gari da na rugage su gani da idonsu ko sa riƙa zuwa awo. Kin ce ba ki san kowa ba, ba ki san ta inda za ki fara ba, abinci ma ya daina shiga. Sannan kika ce, "Umma, don Allah ki zo ki kama min." Ban ba ki amsa ba. Na san halina, in ina jin muryarki tana rawa, ko me kika roƙa "to" zan ce. Shi ya sa na ɗauko biro, don a takarda na fi iya tsayawa in yi tunani. Amsar tana nan tafe, amma ki bi ni a hankali, kada ki tsallake zuwa ƙarshe kamar yadda kika saba yi wa littattafan makaranta.

Na san abin da kike tsoro, kuma ba shinkafa ba ce ba rumfa ba. Tsoronki shi ne ki ji kunya a gaban mutanen da za ki zauna da su, su ɗauke ki wata baƙuwa da aka turo daga Bebeji, wadda za ta yi ɗan zamanta ta ƙara gaba. Ni ma shi ne tsorona, domin na ɗanɗana shi.

Labarin shinkafata ai kin sha jin sa, a gidan nan ba a gajiya da yi min dariya a kansa. Sai dai ku wajen ƙonewar kawai kuka sani. Lokacin ina sabuwar malama a wata firamare can ɓangaren Burumburum, ina goyon babban yayanku, hedimasta ya kira ni ya ce bana ni zan shirya ranar iyaye. Kaina ya yi wani irin girma. Akwai wata dattijuwa a makarantar mai koyar da Arabiyya, Malama Tasalla. Duk taron da aka taɓa yi a wurin ita ke riƙe tukunya, kuma gaskiya ɗaya ce, hannunta na da gishiri. Kowa ya sani. In an ci abincinta sai a yi layi a bakin randa, amma ba mai cewa uffan.

Da ta ji an ba ni taron, ta same ni a gindin darbejiya ta tambaye ni yaushe za a kawo mata kayan cefane. Ni kuwa, da zuciya ɗaya, ina ganin tsohuwa ce ga ciwon gwiwa, ga kuma batun gishirin nan da nake son in raba mutane da shi, sai na ce, "Haba Malama, bana ki huta, na ɗauke miki." Ta dube ni, ta ce to madalla, ta gyara mayafinta ta wuce. Na koma aji ina jin daɗi wai na yi abin kirki.

Ashe Malama Tasalla ba ita kaɗai take zuwa taro ba. In ta fito, maƙwabtanta na biye da ita, wannan da ludayi, wannan da manyan tukwane, wannan ta san gidan da ake aron farantai, wannan 'ya'yanta ke ɗebo ruwa. Da na ce mata ta huta, unguwa guda na ce wa ta huta. Ranar taro suka zo tsaf da su, sun ci ado, suka zauna a kan tabarma kamar kowane baƙo. Ni ce hura wuta, ni ce jera benci, ni ce tarbar iyaye, ga yaro a baya yana tsala ihu. Ina can ina neman wanda zai riƙe min lasifika shinkafa ta kama, ƙauri ya cika makaranta. Na zo da gudu ina kwasa, sama ɗanye ƙasa gawayi. Ba wadda ta yi min dariya, ba wadda ta yi min habaici. Sannu kawai suke ta yi min daga inda suke zaune, kuma da gaske suke yi. Ba a ba su wuri a cikin aikin ba, su kuwa ba za su cusa kansu ba.

Wannan ne ɓangaren da kuke dariya. Wanda ban cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. Zangon karatu ya ƙare, wani ya shigo, ana gaishe ni da mutunci, ana kira na Malama 'yar Bebeji, shi ke nan. In na shigo ɗakin malamai hira ta sauya. Yayanku ya yi ƙyanda, na yi jinyarsa ni kaɗai a ɗan ɗakin haya, ba kwanon da ya shigo min, alhali a garin nan ko akuyar mutum ce ta haihu sai an leƙo shi. Na yi kuka a garin nan, Auta, ba kaɗan ba. Har na ce wa babanku ya nemo min canji. Shi ne ya ce kafin a nemi canji in fara gano abin da na yi, don mutanen da ya sani a wurin ba haka suke ba.

Da taro na gaba ya matso, na sayi goro na tafi gidan Malama Tasalla. Na durƙusa na gaishe ta na ce tukunya tata ce, ni yarinya ce ban san kan gari ba. Ta bar ni a durƙushe ta gama tsince wakenta tukuna, sannan ta tambayi jikin yaro, sannan ta fara lissafo min abin da za a kawo mata. Abincin ya fito da gishirinsa kamar kullum, aka ci aka bi layin randa. Amma ranar ban ɗauki ko tsinke ba, kuma da yamma kwano biyu na tarar a ƙofar ɗakina.

Saboda haka, kafin ki yi tunanin rumfa ko kujeru, ki zauna da wata da ta daɗe a asibitin ki yi mata tambayoyi. Wa ya saba riƙe tukunya in ana taro? Wa ya saba kawo tabarmi? Wa ke sanarwa a masallaci? Duk wanda aka ambata miki, ki je ki same shi da ƙafarki, ki ba shi abin da ya saba riƙewa. Na ji kin ce wata ƙawarki ta ba ki lambar masu dafa abinci daga Kano, su kawo a robobi, kowa ya ɗauka a wuce wurin. Na san don ki rage wa kanki wahala ne, kuma abincinsu zai fi daɗi, ban musa ba. Amma ki bar lambar nan a waya. A wajenmu wanda aka ba aiki a taro shi aka girmama. In kuma kin ba mutum aiki, ki ba shi gaba ɗaya, kada ki tsaya a kansa kina leƙen tukunya. Naki shi ne ki san wa ke riƙe da me, ki riƙa zagayawa kina gaisuwa kina tambayar ina aka kwana. Za ki ga kayan da ke danne miki ƙirji sun ragu da kansu.

Akwai wata kuma da nake so ki nema tun kafin kowa. Garin nan ba ya rasa tsohuwar ungozoma, wadda rabin matan da za ki gayyata ita ta karɓi haihuwarsu, wasu ma ita ta yanke musu cibiya. Ki sa kanki a matsayinta: an gina sabon ɗaki, an kawo yarinya sa'ar jikarta da farin kaya, ana shirin taro ba wanda ya ce mata ci kanki. Ba za ta yi faɗa da ke ba. Shiru kawai za ta yi, matan kuma za su dubi shirunta. Ki je ki gaishe ta, ki ce mata Iya, ki roƙe ta ranar taro ita za ta shige gaba ta shigar da mata ɗakin su gani. Kada ki je mata da wa'azin abin da kuka karanta a makaranta, wannan yana da ranarsa.

Sai batun gayyata, nan ma na sha ƙasa. A wancan taron na farko takarda na rubuta da kyakkyawan rubutuna, na raba wa ɗalibai su kai gida. Daga rugage ko mutum ɗaya bai zo ba. Daga baya na ga takardata a kasuwa an ƙunshe ƙuli-ƙuli da ita. Ni kuma na sa taron da hantsi, daidai lokacin da matan ruga suka gama tatsa suka ɗauki ƙwarya za su tallan nono, mazan sun kora shanu, kuma ranar ta faɗa kan kasuwar Tudun Wada. Ni kaɗai na zauna a ɗaki na zaɓi ranar, don ita ta fi min daidai a jadawalin makaranta.

Ku yanzu ba takarda ba ce, saƙon waya ne, a tura a rukuni a ce an gayyata. To, ba a gayyata ba. Ki samu babbar mace cikin ma'aikatanku ta raka ki, da wani namiji dattijo, ku fara da gidan mai gari, sai liman, sannan ku shiga rugage wajen ardo. In an shimfiɗa miki tabarma ki zauna, in an dama fura ki sha, kada ki riƙa duban agogo. Kuma kada ki je da rana a bakinki. Ki faɗi abin da ake son yi, ki tambaye su wace rana ce ba kasuwa, wane lokaci ne mata suka dawo daga talla, ko an gama yankan dawa. In su suka sa ranar, ba sa bari ta lalace. Ki tuna kuma matar da kike so ta zo awo ba za ta fito ba sai da yardar mai gidanta, don haka gaisuwar mazan ba ɓata lokaci ba ce.

Kada ki ɗauka da na gyara wannan na gama yin wauta. A wani taron daga baya mutanen ruga sun zo, maza da mata, har da Ardo da kansa. Murna kamar in taka rawa. Na sa aka jera manyan farantai a tsakiyar rumfa, na ce kowa ya matso, bisimilla. Mutanen gari suka sa hannu. Fulanin nan kuwa ko motsi, wasu suka kau da kai, wasu suka ce alhamdu lillahi sun ƙoshi, mutanen da suka yi tafiyar ƙafa tun safe. Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina roƙo, ina tura musu faranti gabansu. Ina matsawa suna ƙara sunkuyar da kai, har wani saurayi ya tashi ya koma bayan aji ya tsaya. Raina ya ɓaci, na ce a zuciyata wato ƙyamar abincinmu suke yi.

Dije, matar Ardo, ita ta ja ni gefe da za su tafi. Tana dariya ƙasa-ƙasa ta ce, "Malama, wanda kika tura wa faranti, surukinsa ne zaune kusa da shi. Ko zai faɗi don yunwa ba zai tauna abu a gabansa ba." Ta ce matan ma haka, ga iyayen miji ga baƙin ido, ina za su iya. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa fuskata. Ashe duk roƙon da nake yi azaba nake ba su.

To ki kiyaye wannan. Kada ki sa cin abinci a tsakar fili. Ki ware ɗaki ko bayan gini, mata daban, dattawa daban, samari daban, a kai musu a rufe, a ja ƙofa a ba su wuri. Wanda ya ce ya ƙoshi, a ƙulle masa nasa a leda ya tafi da shi, kada a matsa masa. Su ma ki ba su abin riƙewa. In kin ce wa matan ruga furar taro a hannunsu take, za ki ga yadda za su shigo, ba a rakuɓe ba.

Wani abu kuma, babban baƙo. Shugabanku zai ce an gayyato wani daga ƙaramar hukuma, kuma lallai a gayyace shi, a tanadar masa kujera mai kyau. Amma ni na taɓa zaunar da iyaye a rana muna jiran irin wannan baƙo, yara sun haddace waƙar maraba har ta fara zube musu, shi kuwa bai iso ba sai bayan la'asar. Kafin nan rabin mutane sun tafi, masu shanu sun bi shanunsu. Ya zo ya yi jawabi ga benci. Tun yanzu ki roƙi shugabanku, cikin ladabi, ku yi shawara cewa in lokaci ya yi liman zai buɗe da addu'a a fara da waɗanda suka zo. In baƙo ya iso a tsakiya a tashi a tarbe shi, ba abin da ya ragu a girmansa. Masu jawabi kuma kada su yi yawa, don kowa ka miƙa wa lasifika sai ya gode wa duniya kaf kafin ya shiga magana, mata masu ciki kuwa ba sa jure dogon zama.

Yanzu ke kanki. Na san ki, Auta, tun kina ƙarama in abu ya dame ki sai ki ɗauke shi gaba ɗaya ki aza a ka, ki ƙi ci ki ƙi magana, in an tambaye ki ki ce ba komai. A wajena kika gado, ba zan zage ki ba. In kin ji abubuwa sun taru sun yi miki yawa, ki tambayi kanki don me ake taron nan. Don mata su shiga ɗakin nan su gan shi, su ga fuskarki, su ji ba a yi musu tsawa ba. In wannan ya samu, taro ya yi. Balan-balan, da ƙyallen da ake rubuta maraba, da 'yan kofunan rabo masu hoto, in sun samu to, in ba su samu ba ba wadda za ta koma gida tana cigiyarsu. Abin da za a yi gobe ki bar shi sai goben. Kuma wani abu sai ya lalace ranar, ko janareto ya ƙi tashi ko kujeru su gaza, ban taɓa ganin taron da ya tashi lafiya ƙalau ba. In ya faru ki yi murmushi ki nemi wanda abin ke hannunsa. Ki karya kumallo kafin ki fita, wannan umarni ne ba shawara ba. In kin rasa yadda za ki yi, ki ce ban sani ba, a nuna min. Sabuwa ce ke, yanzu ne kalmar nan take miki kyau.

To, ga amsarki.

Ran da muka yi waya, ina ajiye ta na jawo jakata na fara zuba kaya. Har na aika a tambayo min motar da ke tashi daga Kwanar Ɗangora. Babanku yana zaune yana kallona, sai da na ɗauko babban ludayina zan cusa, sannan ya tambaye ni, in na je, wa zan ce wa ya huta. Na zauna a bakin gado na daɗe ban tashi ba.

Ba zan zo ba, Auta.

Kin san ni. In na sauka a garin nan, kafin magariba na karɓe komai. Zan yi cefane, zan raba aiki, zan shiga gidan mai gari da rugage, kuma za a karɓe ni, don furfura tana buɗe ƙofa. Taron zai yi kyau, a yi ta sa min albarka. Sannan in hau mota in dawo Bebeji, in bar ki a inda na same ki, ba ki durƙusa a gaban kowa ba, ba wanda ya taɓa jin kin ce ki taimake ni. Duk wadda za ta tuna taron, uwar ma'aikaciyar nan za ta tuna. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ke a ɗakinki, ni ina nesa, su ne a kusa.

Wallahi zuwan ya fi min sauƙi. Ke ce ƙarshen waɗanda suka bar min gida, kuma ban taɓa jin kin kira ni kina kuka na zauna ba sai wannan karon. Na mayar da kayan cikin akwati ina share hawaye, ba zan ɓoye miki ba. In kin ji haushina ki ji, kina da gaskiya. Amma in kin gama, ki wanke fuskarki, ki sa mayafinki, ki je ki yi sallama a ƙofar gidan tsohuwar ungozomar nan.

Allah Ya sa ki a zukatansu, Ya ba ki iyaye a inda ba ni. Allah Ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya, Ya sauki duk wadda za ta haihu a ɗakin nan lafiya, Ya sa albarka a hannunki. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga sharrin hanya da na baki, Ya yi miki albarka duniya da lahira. Amin.

Wassalam.

Ni ce,
Ummanki